Tara ga Wata

Takalmin Tsoho ne ya fara isa jikin talabijin ɗin. Da hannun hagu ya wurga shi, ya daki katakon akwatin ya faɗa cikin tiren shayi. Maman mai gahawa ya yi tsalle ya rungume akwatinsa kamar jariri, don a duk layin Mansur, unguwar Hausawan Makka, babu wani sai nasa.

Abin da ya faru kuwa, ga shi. Tun bayan aikin Hajji ake gasar kacici-kacici ta 'yan makarantar sakandare, daga Jidda ake nunowa bayan La'asar. Yara suka yi ta faɗuwa har saura biyu. Ɗaya Hadi, ɗan Mansur, iyayensa sun zo ta Sudan da takardunsu cif. Ɗayan Yunus, ɗan gidan wani muɗawwifi Balarabe a unguwar Ajyad, irin masu saukar da alhazai. Baƙar fata ne shi ma, amma Makka cike take da baƙaƙen da ko "sannu" ba su sani ba.

Aka yi kunnen doki. Alƙalin gasar ya ce tambaya ɗaya ta rage, wanda ya riga buga ƙararrawa shi zai amsa. Kuma wace tambaya? Ran nawa ga Zulhajji ake tsayuwar Arfa! Tambayar da jakin ɗaukar ruwa a Makka zai amsa. Yunus ya daki ƙararrawa, ya ce "Tara," ya ɗan yi turus, sannan ya ce "tis'a" da Larabci. Shi ke nan, aka miƙa masa kofi da gurbin karatu.

Shagon gahawa ya kama da wuta. Wani ya rantse hannun Hadi ne ya riga sauka. Wani ya ce an cushe ƙararrawarsa da auduga. Wani ya ce dama ai ba za a bar Takari irinmu ya ɗaga kofi a gaban duniya ba. Amma duk ihun nan bai kai na Tsoho ba.

Tsoho ɗan dako ne, Basakkwace, duk shekara yana ɗaukar kayan alhazai a Mina a ƙarƙashin muɗawwifan Ajyad. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba shi da kowa tun da matarsa ta rasu. Kullum cewa yake talabijin aikin banza ne, amma ranar gasa shi ke kan bencin gaba, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Yau ya zagi alƙali, ya zagi ƙararrawa, ya zagi Yunus tas: ɗan gata, ɗan madara, wanda bai taɓa ɗaukar ko buta ba, marar tarbiyyar da ke buga ƙararrawa da hagu a gaban manya.

Kabo, kawun Hadi, bai yi ihu ba. Mai shagon yadi ne, lissafi yake yi. Da hayaniya ta ɗan lafa sai ya ce, "Jama'a, me yaron nan ya fara faɗa? Tara ya ce. Tara tamu ta Hausa."



Kabo ya ci gaba da bayani a nutse. Dokar gasa ta ce sai ɗan ƙasa ko mai takarda. In yaron nan Bahaushe ne aka liƙa a gidan Larabawa, to takardarsa ta ƙarya ce. Gobe da safe zai je ofishin jawazat, masu binciken takardu, ya sa a tono asalinsa. A kore shi daga makaranta, a sa shi a jirgin ruwa in ta kama, kofi ya dawo Mansur. Kawuna suka fara gyaɗawa.

Tsoho ya juyo kansa gaba ɗaya.

"Kabo, ashe kai jahili ne? Shekarunka nawa garin ga? Wane Balaraben Hijaz ne ka buɗe baki bai ce tara ba? Tara kaza, tara kaza, wai 'ka gani' da Larabcinsu. Maman, hwaɗa mashi!"

Maman, yana goge shayi daga jikin akwati, ya ce gaskiya ne, mai kawo masa ƙanƙara ma ba ya jimla biyu babu tara a ciki.

Tsoho bai tsaya ba. Ya ce wannan yaron da ko koko bai taɓa gani ba shi ne Bahaushe? A je a faɗi haka a ofis, a yi wa Mansur dariya har Ɗa'ifa. Kuma in jawazat suka biyo Kabo zuwa layin nan suna tambayar takarda, mutum nawa ne a kan bencin nan za su kwana a gida? Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai, sannan aka taso wa Kabo, wai don shi yana da iƙama zai jawo wa mutane bala'i. Kabo ya ce khalas, ya janye, a bar maganar. Fushin ya koma kan ƙararrawa, aka yi ta tsine mata har aka kira Magariba.

Tsoho ya tsamo takalminsa daga tire, jiƙe da shayi, ya fita ba sallama. Sai da ya shiga lungun da babu kowa sannan ya tsaya. Ya jingina da bango, har yanzu yana huci.

"Ja'irin ɗan nan nawa," ya ce a hankali. "Ran da na kai ka gidan Ajyad, mi na ce maka? Ban ce ko cikin barci kada ka sake ƙirga da harshen uwarka ba?"