Hoto Na Uku

Ni na zaƙulo Dogo a dandalin sada zumuntar ma'aikata. Wata shida muna musayar saƙo kafin na kai shi gaban Oga, na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, ka ɗauke shi."

Ranar Litinin saƙon Oga ya shigo wayata: "Sauya kalmar sirrin shafinmu. Ka cire hoto na uku a jerin ma'aikata."

Na buɗe shafin da na gina da hannuna shekara tara da suka wuce. Hotona ne.

Wani saƙon ya biyo baya: "Yi haƙuri, Dogo na yi niyyar tura wa."

Na waiwaya. Dogo bai ɗago kai ba.

"Yaya," ya ce, "da ma yau zan gaya maka."