Dutse a Hannun Mai Fito

Tunda ka ce gobe za ka fara zagayawa kana tambayar mutane yadda suke barci, zauna in ba ka wani misali, likita, kafin ka cinye takalminka a banza. Mu dai kowace safiya sai mun tambayi juna yadda aka kwana, amma ban taɓa jin wanda ya amsa da wani abu ban da lafiya lau ba, ko da kunama ce ta kwana tana harbinsa.

An yi wani mai fito a wani gari na bakin kogi, ƙato mai kaurin wuya, wanda matan kasuwa suka fi son shiga kwale-kwalensa saboda ƙarfin damtsensa. Wata rana da azahar ya ɗebo mata da kayansu, sai aka ga jirgin ya wuce mashigi yana bin ruwa, filafilin kuma ya suɓuce daga hannunsa. Da ƙyar masunta suka taro su. Shi ya ce santsi ne, amma wata tsohuwa da ke kusa da shi ta ce ita dai ta ga idonsa a rufe. Magana ta kai gaban sarkin ruwa, wanda shi ke da ikon barin mutum a kan ruwa ko sauke shi. Ga ranar kasuwa ta matso, ga kogi kullum ƙara cika yake.

Sarkin ruwan nan dattijo ne mai bin diddigi, irin wanda in ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar gero sai ya raka ta har raminta. Ya kira mai fito ya tambaye shi barcinsa. Ya ce lafiya lau, da an idar da isha'i yake kwanciya, sai asuba. Kuma ba ƙarya ya yi ba, duk unguwar babu wanda ya kai shi daɗewa a shimfiɗa. Abin ya ɗaure wa dattijo kai. Yaya wanda ya fi kowa kwanciya zai fi kowa gyangyaɗi? Ya san ruwa ba ya tsami banza, sai ya bar tambaya ya koma gwaji. Bayan azahar ya tara masu fito duka a gindin tsamiya, ya sa kowa ya jingina, ya ba shi dutse ya riƙe a saman tasa, shi kuma ya kafa kara a rana yana duban inuwarsa. Wasu inuwa ta yi tafiyar taki guda kafin dutsensu ya faɗi, wasu har aka tashi suna riƙe da nasu suna dariya. Na mai fito kuwa, inuwa ko faɗin yatsa ba ta matsa ba tasa ta yi ƙara. Ya zabura yana rantsuwa idonsa biyu. Aka sake washegari, aka kuma sakewa, kullum tasarsa ce ke fara magana.

Ransa ya ɓaci, domin filafilin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma mutuncinsa. Ya ce in ba a yarda da shi ba a tambayi mai ɗakinsa. Aka kira ta zaure, ta durƙusa ta ce maigida yana barci lafiya lau. Dattijo ya dubi idonta ya ga sun yi ja, sai ya miƙa mata dutsen da tasar, ya ci gaba da hira da mijin. Ba su yi nisa ba tasa ta yi ƙara. Kunya ta kama ta, ta ga babu sauran abin ɓoyewa.

"Baba, minshari yake yi, sai kuma ya yi tsit, numfashi ya ɗauke kamar an zare masa rai. Sai na taɓa shi yake shaƙar iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Haka muke yi har gari ya waye. Tsoro nake ji in yi barci ya tafi ban sani ba."

Mai fito bai taɓa sanin ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma tausayinta ya fi tsoron ciwon kama shi. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa tuntuni. Ta ce ai kullum yana tambayarta yadda ta kwana, ita kuma tana amsa masa yadda ake amsawa.

Ranar kasuwa babu wanda ya sauke shi, da hannunsa ya miƙa wa ƙaninsa filafilin. Ya shiga jirgin ya zauna cikin mata da buhunan albasa, za shi asibitin birni a duba numfashinsa. Matarsa na gefensa, kuma ba su kai tsakiyar kogi ba barci ya kwashe ta, shi ya riƙe ta kada ta faɗa ruwa.

To, likita, ka yi tambayarka, ban hana ka ba. Amma in an ce maka lafiya lau, gaisuwa aka amsa, aikinka yana nan. Ka duba abin da rana take yi da mutum, ka kuma nemi wanda yake kwana kusa da shi. Ba a banza Hausawa suka ce ba, labarin zuciya a tambayi fuska.