Ƙamus Mai Aski da Littafin Marigayi

Ƙamus mai aski ya sha faɗa cewa da Turanci yake barci, har matarsa kan tashe shi ta ce ya fassara mata minsharin. Labarin da yake ba wani dattijo ke nan ranar, yana ɗaure masa ƙyalle a wuya. Dattijon ya shigo da gemu kamar tsintsiya, ya ce a kwashe duka, don jikarsa kuka take yi in ta gan shi.

A kan benci Auta ce zaune, ƙanwar Ƙamus, da littafin koyon Turanci a cinya. Shara take yi a asibiti, gobe kuma za ta zauna jarrabawar da za ta ɗaga ta zuwa teburin karɓar kati. Sau uku kawai ake bari a gwada. Biyu sun riga sun tafi, dukansu a hannun koyarwar yayanta.

Ba wai Ƙamus ba shi da ƙa'idoji ba ne. Shi ya koya mata cewa duk aikatau da ya wuce harafi biyar gajiyayye ne, a kai shi ƙarshen jimla ya huta. Shi ya ce mata amsar da aka gani ƙarara a cikin labari tarko ce, don marubucin kirki ba ya ajiye nama a bakin kura.

Auta ta karanta darasi na tara da ƙarfi, tana bin layi da yatsa. Labarin wani mutum ne da jirgin ƙasa ya tafi ya bari. Tambaya ta farko: me ya makarar da shi?

"Agogonsa ne ya tsaya," in ji ta.

"Goge!" in ji Ƙamus, injin aski na kuka a hannunsa. "Surukarsa ce."

"Yaya, babu suruka a labarin."

"Shi ya sa ake ce masa auna fahimta. Wa kika taɓa gani ya makara babu hannun suruka?"

Dattijon ya yi gyaran murya daga cikin sauran gemun, ya ce a nasa ɗan sanin, agogon ne.

Ƙamus ya dube shi da tausayi. Ya ce Baba ya riƙe haɓarsa kawai, a bar wa masu ilimi ilimi. Ai wanda ya rubuta littafin nan ɗalibinsa ne, a kan kujerar nan ya koya masa inda ake sa waƙafi. Darasi na tara ma shi ya shifta masa, da surukar da komai, maɗaba'a ce ta cire ta saboda tsadar takarda.

"Ikon Allah," in ji dattijon. "Yana ina yanzu?"

Ƙamus ya kashe injin, ya sunkuyar da kai. Ya rasu, in ji shi, shekara bakwai ke nan. A kan cinyar Ƙamus ya cika, kalmarsa ta ƙarshe ma sai da ya gyara masa nahawunta. Shi ya sa shi a kabari da hannunsa.

Dattijon ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya miƙa ɗaya kuncin.

Auta ta goge agogo, ta rubuta suruka. Ta rufe littafin ta kife shi a cinya. Reza na bin kumfa, gemu na zuba ƙasa, haɓa ta fito, sai wani tabo a ƙarƙashin leɓe. Auta ta dubi madubi, ta dubi cinyarta, ta sake duban madubi. Sannan ta buɗe darasi na tara, ta goge suruka, ta mayar da agogo.

"Ke! Wa ya ba ki izini?" in ji Ƙamus.

Ta miƙe, ta kai bangon bayan littafin daidai kuncin dattijon, hoton marubuci da fuskar da ke cikin madubi suka jeru, tabo da tabo.

"Marigayi ne ya ba ni, Yaya. Ƙarasa masa askin, ka mayar da shi inda ka binne shi."