Takalmin Inna Delu

Inna Delu na sharar madafi da hantsi sai ta ga kyankyaso a gindin randa. Kafin ta yi tunani, hannunta ya zare takalmi ya kai duka, fau!

Jikokinta, Zinatu da Nafi'u, suka shigo da gudu riƙe da gwangwanin madarar da suke kiwon kyankyasonsu, babu komai a ciki.

"Kaka, Ɗan Gayu ne! Namu ne!" Zinatu ta fashe da kuka.

Sai a lokacin Inna Delu ta tuna da doka. Shekara goma sha biyu ke nan da ƙwari suka kusa ƙarewa a garin, har mutane ke bin furen mangwaro da gashin kaza don ya yi 'ya'ya. Duk gidan da ya kashe ƙwaro, hukuma rufe shi take yi. Ga shi yaran sun yi wa nasu rajista, kuma yau Alhamis, ranar da malamin duba ƙwari ke zuwa.

"Ɗaga takalmin, Kaka," in ji Nafi'u.

Ta yi bismillah ta ɗaga. Ƙasa ce kawai. Can daga bayan randa wasu gashin baki biyu suka leƙo suna motsi.

"Alhamdu lillahi da idona ya mutu," ta ce, ta zauna daɓas. Ta gutsuri ƙosai ta ajiye masa. "Ci, ranka ya daɗe."

Daga ranar, a zaure take barin takalmanta.