Giɓin da Ke Cikin Hoton

Likitan haƙorin ya taɓa kwamfutarsa, sai muƙamuƙin da ke kan allo ya juya a hankali, kamar kan rago a hannun mahauci.

Zuweira tana kallo, ba ta jin komai. Tun da wata 'yar sanda mai suna Chloe ta ƙwanƙwasa mata ƙofa a unguwar Small Heath ta Birmingham, jikinta ya zama kamar na aro. An tsamo wani saurayi daga magudanar ruwa a Manchester. Ruwa ya ɓata fuskar, amma a aljihunsa akwai katin jami'a mai sunan ɗanta Taufiq. An kira ta ne a tabbatar ko shi ne.

Ba ta da hujjar musu. Tun ƙaramar Sallah da suka yi cacar baki kan barin karatunsa, Taufiq ya daina ɗaukar wayarta. Yaron akwai zuciya, ta kuma san wurin wa ya gado ta.

Ƙanwarta Kulsum ce ta rako ta daga Birmingham. Kulsum ba ta jin Turanci sosai. Da bizar ziyara ta shigo ita da ɗanta Sha'aban, bizar ta ƙare suka yi lamo, suna kauce wa duk inda ake tambayar suna. Sha'aban ya tare a ɗakin Taufiq a unguwar Fallowfield ta Manchester, yana kai wa mutane abinci a keke, ko mummunar faɗuwar da ya yi bara ba ta raba shi da sana'ar ba. Yaran biyu ba su san nawa da naka ba, rigar ɗaya ta ɗaya ce.

A jirgin ƙasa Kulsum ta yi ta kiran Sha'aban ya zo ya tarye su, wayar a kashe.

"Yana can yana yawon neman ɗan'uwansa, Yaya," ta ce. "Kin san shi, sai battery ya mutu yake tuna charger."

Ita kuwa Zuweira, hoton Sallar da ke kan wayarta take kallo. Taufiq ya wage baki yana dariya, Sha'aban a gefensa yana murmushi, leɓe a rufe.

Yanzu ga wani hoton a gabanta, wanda ba nama a jikinsa. Likitan ya yi bayani a nutse. Watannin baya wani asibitin haƙori a garin ya ɗauki wannan hoto da sunan Taufiq, irin wanda ake juyawa ta kowace fuska, domin shirin dashen haƙori. Ya nuna kaurin ƙashin, ya nuna inda aka yi niyyar kafa ƙarfen da zai riƙe sabon haƙorin. Sannan ya jawo hoton da aka ɗauka daga gawar ya ɗora a kai. Suka hau juna, saiwa kan saiwa, ba inda ya goce.

Chloe ta sunkuyo ta ce ta yi haƙuri.

Kulsum, wadda idonta ke rufe tana jan carbi tun shigowarsu, ba ta buƙaci fassara ba. Ta damƙe hannun yayarta tana kuka.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba ki rasa ɗa ba. Sha'aban naki ne, shi zai tsaya miki."

Zuweira ta roƙi likitan ya juyo mata hoton ta gaba. Ya juyo. A sama, inda haƙorin gaba ya kamata ya kasance, akwai giɓi mai faɗin ƙwayar gyaɗa.

A karon farko tun safe ta ji wani abu. Sanyi ne ya sauko mata a ƙirji, kunyarsa ta biyo baya nan take. Ta dubi giɓin, ta dubi hannun da ke riƙe da nata, ta rasa ta inda za ta fara.

Taufiq bai taɓa rasa haƙori ko ɗaya ba, Sha'aban ne ya bar nasa a kan kwalta bara, ya kuma je neman gyara da sunan ɗan'uwansa.