Igiya Mai Gaba Arba'in

Da hantsi Tanimun ya iske Tsahara a bakin rijiyar garinsu, kusa da Illela. Ya gama lakwal, wato makarantar boko, an ɗauke shi karatun haƙo ruwa da injin famfo a Yamai, shekara uku.

"Na zo in ce kada ki jira ni," ya ce, idonsa a ƙasa. "Babanki ya ce ɗan lakwal a buro yake zama, yana aikin ofis. Ba zai ba mai haƙar rijiya ɗiyarsa ba."

Tsahara ta miƙa masa igiyar guga. "Jawo mini."

Tun farin bara ruwa ya yi nisa, sai an zura gaba arba'in. Kafin gugan ya fito, tafin hannunsa na raɗaɗi.

Ta buɗe nata hannuwan a gabansa, duk sun yi kanta. "Tun ina shekara tara nake wannan aikin."

"To, Baba fa?"

"Baba bai taɓa jan igiyar nan ba. Inna ta ce a bar ta da shi."

Sai a lokacin ta ɗago ido ta dube shi.

"Tafi ka koyo. Famfon farko a nan za ka kafa shi, ni zan fara buɗewa."