Kunyar Ɗan Fari

Da ungozoma ta ɗago jaririn bai yi kuka ba, ƙirjinsa kawai ke lotsawa yana tasowa kamar na ɗan tsako.

Cikin fari ne, shi ya sa uwar ta ɓoye ciwonta tun farko. Kanta ya yi ta sarawa, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma ɗiyar ƙasar Kurfai ba ta zancen cikin fari gaban manya. Surukarta ma murna ta yi: "Wanga kumburi, ƙaton namiji na tahe!" Sai da mai cikin ta faɗi gindin turmi tana jijjiga aka ɗora ta a amalanke zuwa Filinge, don hukuma ta hana hawa babur saboda rashin tsaro.

"Hawan jininki ya tauye shi tun a ciki, huhunai bai yi ƙwari ba," in ji ungozoma. "Kwalbar ɗumama jarirai na asibitin Yamai, kuma ba shi kaiwa can da rai. Sa shi ga ƙirjinki, ki yi mishi magana. Ɗuminki kaɗai muke da shi."

Surukar ta miƙo hannu kamar yadda aka saba, tunda ɗan fari na kaka ne, uwa ko kallonsa ba ta yi a bainar jama'a.

Uwar ta dubi hannun. Kunya ta riga ta cinye rabin yaron, ba za ta ba ta sauran ba. Ta sassauta zani, ta manna shi a ƙirji.

"Ɗana," ta ce, har na bakin ƙofa suka ji. "Ja numfashi, ɗana. Ni ce uwarka."